Abin da Umma Ta Goge

Masu turo mini saƙo suna tambaya ko har yanzu ina tare da mai gyaran kwamfutar nan, ga amsarku: ina tare da shi, kuma a makon nan ya taka falonmu a karo na farko. Sai dai ba yadda na tsara ba. Ni so na yi ya zo da farar riga da ɗan turare, ya gaida Baba, ya sha shayi ya kama gabansa. Allah bai nufa haka ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu, ina koyar da ƙananan yara a wata makaranta da ke bayan layinmu. Yayyena duk sun yi aure sun watse, saura ni da Umma da Baba. Wanda nake so yana da shagon gyaran kwamfuta a saman benen kasuwa. Ni na laƙaba masa Sannu-Sannu, domin ko ina kwana ka ce masa sai ya ɗan yi tunani kafin ya amsa, kamar yana tsoron ya ce lafiya alhali kansa na ɗan ciwo. Shi kuma Malama yake ce mini.

Gwaggona, ƙanwar Baba, ba ta barin kunnena ya huta. Kowane kiran waya da tambayar da take rufe shi da ita: ko a ɗakin nan nake shirin yin furfura? Umma ba ta da wannan surutun, amma nata ya fi nauyi, domin a gidanmu abin da Umma ta yanke shi Baba ke sa wa hannu. Sau ɗaya ta hango Sannu-Sannu daga taga, ran da ya rako ni bakin layi, kuma nan take ta yanke hukunci cewa ya cika shiru, mai shiru kuwa ba ka san abin da ya ƙunsa ba. Tun daga ranar nake lallaɓa ta. Na san idan ban samu Umma ba, ban samu kowa ba.

Yanzu bari in ba ku labarin kwamfutar Baba. Tsohuwa ce, baƙa, mai nauyi kamar dutsen guga, tana zaune a kan ƙaramin tebur a kusurwar falo, an lulluɓe ta da wani ƙyalle mai geza da Umma ta ɗinka mata. Baba ya yi ritaya daga gidan waya. A shekarun ƙarshe na mahaifiyarsa, wato Kaka, yakan zauna gabanta da ƙaramar rakoda ya ja ta da hira. Ta ba shi labarin ƙuruciyarta, da wa ya haifi wa a dangi, da waɗanda har ta tsufa ba ta yafe musu ba. Bayan rasuwarta ya kwashe duka ya zuba a kwamfutar. Wanda ya sayar masa da ita ya raba masa faifan cikinta gida biyu, ɗaya na injin kansa, ɗaya na ajiya. Na ajiyar nan Baba ke kira ɗakin Inna, domin Inna yake ce wa Kaka. Kullum bayan cin abincin yamma sai ya yaye ƙyallen, ya sa abin kunne, ya zauna yana murmushi shi kaɗai.

Umma kuwa ɗinkin labule da zannuwan gado take yi. Mace ce da ba ta jiran kowa. Gyaran famfo, canza makullin ƙofa, cire tabon mai daga yadi, duk a waya ta koya. Aibinta guda ne: ba ta taɓa kallon bidiyo har ƙarshe. Da ta ga inda mutumin ya dosa sai ta ce ta gane, ta ajiye wayar.

Ranar da abin ya faru Baba ya tafi dubiyar wani abokinsa. Umma ta buɗe kwamfutarsa tana so ta kwafi hotunan labulenta a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta kai a buga mata, filash ɗin ya ƙi buɗewa. Ta nemo bidiyon yadda ake wanke filash, ta bi shi har rabi. Wani allo ya buɗe mai dogayen layuka, ta zaɓi ɗaya a zatonta na filash ne, ta danna gogewa. Injin ya tambaye ta ko ta tabbata. Umma ba ta taɓa rashin tabbata ba a rayuwarta.

Da na dawo daga makaranta na tarar da ita a ɗakina, zaune a bakin gado, ɗankwalinta ya zame baya ba ta gyara ba. Ban taɓa ganin ta haka ba.

"Auta, rufe ƙofa."

Na rufe.

"Na goge kakarki."

Ku yafe mini, saura kaɗan in yi dariya. Sai da na dubi fuskarta na haɗiye ta. Ta ba ni labari daga farko. Na ce ta faɗa wa Baba kawai, ai tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Ta ce ba faɗansa take tsoro ba. Kowa a dangi ya san zamanta da Kaka zaman haƙuri ne, gaisuwa ce da girmamawa amma ba ɗumi. Idan maganar ta kai kunnen Gwaggo za ta ce da gangan aka yi, kuma za ta yi ta faɗa har ɗayansu ta bar duniya. Shi ma Baban, in ji ta, zai ce ba komai, amma wani lungu a zuciyarsa zai riƙa tambaya.

Sai ta ɗago ta dube ni da idon nan nata na ciniki.

"Mai shirun nan naki, zai iya dawo da ita?"

Na ce ban sani ba, sai na tambaye shi.

"Ko ya iya ko bai iya ba, ya ce wa Babanki bairos ne, cutar nan ta kwamfuta, ya cinye. Idan ya yi mini wannan, ni da bakina zan yi wa Babanki maganarsa."

Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan aka ɗora mini a tafin hannu. Na ɗauki waya na rubuta masa cewa matsala ta taso, na zayyana abin da Umma ta danna, ban da maganar bairos. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can ya turo: "Kada a ajiye komai a cikinta. Kada kowa ya gwada gyarawa. Ki kawo ta yadda take." Sai wani ya biyo baya: "Ki ce wa Umma ta sha ruwa, wataƙila ba a rasa komai ba."

Ba mu iya hana Baba buɗe ta a yammacin nan ba. Ina kwashe kwanuka ina satar kallonsa. Ya yaye ƙyallen, ya sa tabarau, ya danna nan ya danna can. Ya cire tabaran ya goge da bakin rigarsa ya mayar. Ya daɗe yana kallon allon. Daga nan ya rufe ta, ya mayar da ƙyallen ya daidaita gezar, ya ce ya gaji zai ɗan kishingiɗa. Bai tambayi kowa komai ba. Umma na kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Washegari na ce masa na lura kamar kwamfutar ta ba shi matsala, akwai wanda na sani mai gyara. Bai tambayi yadda na san shi ba. Ya ce, "Kai ta, Uwata," domin sunan Kaka aka sa mini, haka yake kirana.

Na sa doguwar rigata ruwan toka da ƙaramin mayafi baƙi, na rungumi kwamfutar a jakar makaranta na hau benen kasuwa. Shagon Sannu-Sannu siriri ne, mutum biyu ba sa gilma wa juna sai ɗaya ya karkace. Fanka ɗaya, kujera biyu, kwalaben man shafawa da ya wanke ya jera a kanta, kowace da irin ƙusoshin da ke cikinta. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburi, ya kifa kwamfutar a kai, ya kwance bayanta yana jera ƙusoshin a kan wani ɗan maganaɗisu. Ya zaro faifan da yatsu biyu, ɗan abu kamar tafin hannuna.

Na zaci zai hau gyara nan take. Sai ya ɗauko wani faifan daga aljihun tebur ya haɗa su, ya ce sai ya kwafi na Baba gaba ɗaya tukun, har wuraren da injin ke cewa ba komai a cikinsu. A kan kwafin zai yi aiki, na asalin ba ya taɓa shi. Idan hannunsa ya kuskure, kwafi ya ɓata, sai ya sake wani.

Na tambaye shi ta yaya abin da aka goge zai dawo. Ya ce in ɗauka gida ne mai ɗaki biyu. Umma ba ta ƙona kayan ɗakin ba, ƙofar ta toshe ta shafe da fenti, sai injin ya ɗauka fili ne. Kayan na nan a ciki matuƙar ba a zo an yi sabon gini a kansu ba. Aikinsa shi ne ya bi bango yana ƙwanƙwasawa har ya gano inda ƙofar take.

"Ka iya magana ashe," na ce.

"Idan a kan faifai ne."

Wani ɗan layi ya fara tafiya a allo, a hankali kamar mai shi. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya leƙo ya ce yau Injiniya ya yi baƙuwa shi ya sa ya share shago, Sannu-Sannu ya ce kullum yana sharewa, maƙwabcin ya ce amma ba kullum yake share ƙarƙashin tebur ba. Muka yi dariya. Na ji daɗin zaman nan, ba zan ɓoye muku ba. Fanka na juyawa, hayaniyar kasuwa na tasowa daga ƙasa, shi yana aikinsa ni ina kallon hannayensa. Na ce a raina, idan haka zaman aure yake, Gwaggo ta yi gaskiya da take gaggauta ni.

A cikin wannan daɗin na sako maganar. Na yi mata kwalliya iya iyawata. Na ce ƙaramar kalma ce, ba wanda za ta cutar, kuma ita ce za ta buɗe mana ƙofar gidanmu.

Ya ajiye sukudireba. Ya juyo ya fuskance ni.

"Zan iya yin shiru, Malama. Ba aikina ba ne in faɗi wanda ya taɓa injin mutane. Amma ba zan ce bairos ba ne."

Na ce to shirun ma ya isa, Baba ba mai yawan tambaya ba ne. Na bar masa kwamfutar domin ya ce binciken zai kai gobe, na sauko da zuciya sakayau. Na ɗauka an gama.

Da la'asar na tarar da Baba a tsakar gida yana ba shukokinsa ruwa, waɗanda ya dasa a tsofaffin bokitan fenti. Ya kira ni. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin motarsa ya miƙo mini, ya ce in ajiye a wurina, in yayana ya zo in ba shi.

Na tambaye shi ko motar ce ta lalace.

Ya ce motar lafiyarta ƙalau. Ya ci gaba da zuba ruwa bai dube ni ba. Ya ce tun jiya yake ƙoƙarin tuna lokacin da ya goge ɗakin Inna, ya juya ya juya bai tuna ba. Ba mai taɓa kwamfutar nan sai shi. Watan jiya ya nemi tabaransa ya same shi a firji, muka yi ta dariya, shi ma ya yi, amma abin bai bar ransa ba. Mahaifinsa da haka ya fara.

"Mutumin da zai goge uwarsa bai sani ba, Uwata, bai kamata ya riƙe sitiyari ba."

Makullin ya yi mini nauyi a hannu. Na wuce ɗakin ɗinki na tarar da Umma a kan keke, na ajiye mata makullin a kan yadin da take ɗinkawa na faɗa mata abin da ya ce. Keken ya tsaya. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi. Ta ce to na gani, shi ya sa dole a ce bairos ne. Da kalma ɗaya Baba zai san ba shi ba ne, ita ta tsira daga bakin Gwaggo, ni in samu abin da nake so. Wa aka zalunta?

Ku faɗa mini, wa aka zalunta? Na kwana da tambayar na tashi da ita ban samu amsa ba. Ƙarya ce, na sani. Amma ƙaryar da za ta mayar wa tsoho da barcinsa, ta rufa wa uwa asiri, ni ban ga ƙofar da sharri zai shigo ta cikinta ba.

Da hantsi saƙonsa ya shigo: "Na ga ƙofar. Ki zo ki buɗe da kanki."

Ko mayafi ban daidaita ba na fita. Na tarar ya juya allon yana fuskantar kujerar baƙi, shi ya koma gefe yana kallon bango. Ya ce sunayen sun fito duka, amma bai buɗe ko ɗaya ba, ba ya buɗe kayan mutane. In zaɓi ɗaya in gwada. Ga su nan a jere kamar yadda Baba ya sa musu suna: Inna da rijiya, Inna da labarin ƙaura, Inna tana faɗa. Na zaɓi na ƙarshen.

Aka ji ƙarar kujera, sai tari, sai muryar Kaka ta cika shagon tana ce wa Baba ya janye wannan abin daga bakinta, ita ba akuya ba ce da za a tura mata abu a hanci. Sai dariyar Baba a bayanta, dariyar da na daɗe ban ji ba. Na toshe bakina da mayafi. Sannu-Sannu ya miƙo mini hankici ba tare da ya juyo ba.

Ya ce komai ya dawo, ba abin da ya taɓu. Sa'ar da aka yi, Umma ta tsorata ta rufe injin ba ta ƙara danna komai ba. Zai mayar da ƙofar a faifan Baba, kuma ya kwafi muryoyin a wani ƙaramin faifai dabam, a ajiye a ɗaki, domin abu mai daraja irin wannan ba a barin shi wuri ɗaya.

Da na natsu na ba shi labarin makullin mota. Na ce yanzu ya ga shiru ba zai yi ba, dole a ba Baba wani dalili.

Ya zauna. Ya ɗauki wata ƙusa yana juya ta a yatsunsa.

"Gaskiyarki. Jiya shiruna ba ya cutar da kowa. Yau idan na yi shiru na bar shi da laifin da ba nasa ba."

Na ce to shi ke nan, ya ce bairos.

Ya girgiza kai. Ya ce Baba zai gode masa, zai riƙe hannunsa, kuma a kan wannan godiyar za a ba shi ni. Duk ran da ya zauna a falonmu zai tuna da me ya shigo. Ya ce ba zai ambaci sunan kowa ba, wannan ya yi alkawari. Amma idan Baba ya tambaye shi ko shi ne ya goge, zai ce a'a.

"Daga nan zai tambaye ka wa ne. Mu uku ne a gidan."

"Na sani."

"Wato ka zaɓi gaskiyarka ka bar ni."

"Ban bar ki ba, Malama. Ina faɗa miki inda ƙafata ba za ta taka ba ne tun yanzu, kada ki jingina da ni a wurin ki faɗi."

Na tashi ban yi masa sallama ba. A matakala na ji haushinsa har wuya. Kafin in kai ƙasa wani tunani ya zo ya tsaya mini: mutumin da ya ƙi yi wa mahaifina ƙarya domin ya same ni, wannan mutumin ne zan riƙa tambaya ina ka tsaya, me ke damunka, har yanzu kana so na. Tunanin bai rage haushin ba, ya dai zauna kusa da shi.

Ban faɗa wa Umma ya ƙi ba. Na ce mata an dawo da komai, zai kawo kwamfutar da kansa da yamma. Ta ɗaga hannu sama, sannan ta hau gyaran falo. Ta canza labule ta sa masu ruwan zuma, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai baƙo ya isa baƙo.

Ya zo da riga shuɗiya mai dogon hannu, karin guga a tsaye kamar an ja da rula, takalminsa ya sha mai. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ƙi hawa kujera sai da aka matsa masa, ya zauna a bakinta. Ya ɗora kwamfutar a teburinta ya kunna, ya ja baya. Baba ya sa tabarau. Da ya ga ɗakin Inna a inda ya saba ganin shi, hannunsa ya tsaya a sama. Bai sa abin kunne ba, ya danna ɗaya. Kaka ta fara ba da labarin rijiyar gidansu. Baba ya rufe ido. Na zauna a hannun kujera ina jin kamar a tsayar da duniya a nan.

Ya kashe muryar ya yi ta sa wa Sannu-Sannu albarka. Ya tambaye shi iyayensa, da inda ya koyi aikin, ya amsa a taƙaice. Umma ta shiga kicin ɗauko shayi. Sai Baba ya sunkuyo ya rage murya, kamar ba ya so in ji.

"Ɗana, faɗa mini tsakaninka da Allah. Ni na goge shi, ko?"

"Ba kai ba ne, Baba."

"Injin ne ya lalace?"

"Injin lafiyarsa ƙalau."

Baba ya cire tabarau. "To ta yaya ka san ba ni ba ne? A ciki ka gani?"

"Ba a ciki na gani ba. Faɗa mini aka yi. Kuskure ne, kuma ba ni ya kamata ka ji shi daga bakina ba."

Baba ya juyo ya dube ni. Na ga ba fushi a idonsa, tambaya ce kawai. A cikin ƙiftawar ido na yanke shawara zan ce ni ce. Gwaggo ba za ta ce na tsani kakata ba, za ta ce dai rashin aure ne ya sa hannuna yawo. Na ja numfashi.

"Ni ce."

Ba ni na faɗa ba. Umma ce a bakin ƙofar kicin, tire a hannunta. Ta ƙaraso ta ajiye tiren a hankali. Ta tsaya a tsaye ta ba da labarin filash da bidiyo, ba ta rage komai ba, ba ta dubi kowa ba sai Baba. Ta ce ta ji tsoron abin da za a ce ne.

Baba ya jingina da kujera ya saki wani dogon numfashi. Ya daɗe yana kallon silin. Kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce.

"Ashe kaina lafiya lau. Haba, ke kuwa. Da kin faɗa mini tun ran nan ai da na ci abinci."

Umma ta ce maganar Gwaggo fa. Baba ya ce wa zai kai mata, shi ko Uwata ko wannan bawan Allah da sai an matse shi yake magana? Ya jawo kujera kusa da shi ya ce ta zauna ta zuba masa shayi, ta cika sukari. Ta zauna. Ta zuba wa Baba, ta zuba mini, ta zuba wa baƙo ta tura masa kofin ba tare da ta ɗaga ido ba.

Da zai tafi Baba ya raka shi har ƙofar gida, abin da ba ya yi wa ko mazajen yayyena. Kafin ya fita Sannu-Sannu ya yi wa Umma sallama, ta ce "mm" tana tattara kofuna. Ko kallo bai samu ba.

Bai kai bakin layi ba saƙonsa ya shigo: "Ki yi haƙuri." Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura masa: "Baba yana cin abinci."

Gidan ya yi daɗi a yammacin nan. Muryar Kaka na fitowa daga falo, Baba na amsa mata kamar tana gabansa. Ina ɗakina ina ninke kaya Umma ta turo ƙofa. Ta tsaya tana kallona, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Kin san zai ƙi?"

Na ce na sani.

"Kuma kika bar ni na canza labule."

Na sunkuyar da kai. Ta tambaye ni a wane bene shagonsa yake, da ƙarfe nawa yake buɗewa. Na faɗa mata, na ce zan raka ta. Ta ce ba ta nemi ɗan rakiya ba, ita kaɗai za ta je, gobe da safe.

Ta fita ta dawo ta jefo mini mayafi a kan gado, ta ce in goge mata shi. Babban mayafinta ne ruwan makuba mai aikin zare a baki. Na san shi sarai. Wuri biyu kawai Umma ke yafa shi: idan za ta je yi wa mutum barka, ko idan za ta je ta wanke shi tas a gaban jama'a.

Ga dutsen guga nan ya yi zafi. Na juya mayafin ciki da baya, ban ga alamar wanne ne ba.